Saƙar safa da zare mai launuka da yawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu saƙar safa da hannu, musamman waɗanda zare mai launuka ya ɗauki hankalinsu suka saya, da aka zo wajen saƙa kuma abin ya ƙi daɗin gani. Na yi magana da "ki" domin yawancin masu tambayar mata ne, namijin da ke riƙe da tsinken saƙa sai ya ɗauki nasa rabon. Idan na ce "ido", ina nufin kowane ɗan zoben zare da ke kan tsinke. "Zagaye" kuwa shi ne a saƙa idanun duka sau ɗaya a dawo inda aka faro.

Na sayi zare mai kyau ƙwarai a naɗe, amma da na saƙa sai ya fito wani iri. Me ya faru?

Zaren yana nan yadda yake, shimfiɗarsa ce ta canza. Lokacin da marini yake aikinsa, zaren yana kwance ne a babban zobe kamar gammo, sili ɗaruruwa gefe da gefe. Ya zuba ja a nan, shuɗi a can, ja duk ya haɗu da ɗan'uwansa ja, shi ya sa kika ga fili guda mai ƙayatarwa. Ke kuwa da kika fara saƙa, sili ɗaya tak kike ja kina lanƙwasa shi ido bayan ido. Jan nan da kika gani da faɗin tafin hannu sai ya koma ido bakwai ko takwas, daga nan shuɗi ya karɓa. Abin da zai zauna a samansa a zagaye na gaba kuma ba marini ne ya zaɓa ba, lissafi ne ya zaɓa. Wanda ya fahimci wannan lissafin ya gama da rabin matsalar.

Ashe ba duk zare mai launuka ne iri ɗaya ba?

Ko kusa. Abin da ya raba su shi ne tsawon da kowane launi yake yi kafin wani ya karɓe shi.

Akwai mai launi ɗaya da ke ɗan duhu a nan ya ɗan yi haske a can. Wannan mai sauƙin kai ne, kusan duk zanen da aka ɗora masa zai ɗauka. Akwai mai ɗige-ɗige, wanda aka yayyafa wa garin rini, kowane ɗigo bai wuce ido ɗaya ko biyu ba. Akwai mai dogayen launuka, kowanne mita biyu, uku ko fiye, wanda ke fitar da ratsi-ratsi da kansa ba tare da an yanke zare ba. Cikin wannan dangi akwai waɗanda inji ke buga wa launi da awo, irin zaren Jamus masu suna Regia da Opal, waɗanda ke fitar da ƙananan zane kamar an yi aiki da zare biyu, muddin yawan idon bai yi nisa da 60 ko 64 ba. Akwai kuma wanda launi ɗaya ke narkewa cikin wani sannu a hankali daga farkon dunƙule har ƙarshensa.

Sai mai rigimar, wanda yawancin wannan shafin a kansa yake: mai gajerun launuka masu bambanci sosai, kowanne daga santimita 5 zuwa 30 ko makamancin haka. Shi ne ya fi kowanne kyau a naɗe, shi ne kuma ya fi sa mutum kwance saƙa.

Ta yaya zan san yadda zai fito tun kafin in ɓata kwanaki a kansa?

Da tef ɗin awo. Abu biyu za ki auna.

Na farko, ki warware kamar mita huɗu na zaren a kan tebur ki miƙe shi ba tare da ja ba. Ki auna tsawon kowane launi, sannan ki nemi inda jerin launukan ya sake farowa. A zaren da aka rina da hannu, wannan tsawon yakan zo daidai da kewayen zoben da marini ya yi aiki a kai, galibi tsakanin mita ɗaya da rabi da mita biyu.

Na biyu, ki ɗora idanun safarki ki saƙa zagaye biyar ko shida har hannunki ya zauna. A farkon zagaye na gaba ki ɗaura ɗan farin zaren ɗinki a jikin zaren, daidai inda ya fito daga ido na ƙarshe. Ki saƙa zagayen duka, ki sake ɗaura wani. Yanzu ki kwance wannan zagayen ki auna tsakanin alamun biyu. A siririn zaren safa da tsinke mai kaurin milimita 2.25 ko 2.5, ido ɗaya yana cin santimita ɗaya da 'yan kai, don haka zagaye mai ido 64 yakan ci wajen santimita 75. Naki zai iya ɗan ɗara haka ko ya gaza, domin hannu ya bambanta.

Da waɗannan lambobi biyu kin riga kin ga safar a zuciya. Launin da bai kai santimita 5 ba zai fito ɗigo ne na ido uku ko huɗu. Mai santimita 20 zai yi ɗan layi da ya kai kwatan zagaye. Mai mita 3 zai ba ki ratsi mai zagaye huɗu, wato faɗin santimita ɗaya.

Me ya sa launi ɗaya yake taruwa wuri guda kamar an yi ɓarin fenti?

Saboda lambobin nan biyu sun yi daidai da juna. A ce jerin launukan yana maimaituwa duk bayan santimita 150, zagayenki kuma yana cin 75. Duk bayan zagaye biyu ke nan zaren ya dawo daidai inda ya faro, ja ya sake faɗowa kan idanun da ja ya zauna a baya. Haka za a yi ta yi har a samu doguwar tabon ja daga ƙauri zuwa idon sawu, shuɗi kuma ya koma ta baya ya kafa nasa gari.

Idan zagayenki 72 yake ci, zagaye biyu sun ci 144, saura santimita 6. Wannan ragowar tana tura launin gaba da kamar ido biyar a kowane karo, sai ki ga ratsi ya karkace yana kewaya ƙafa kamar an naɗa igiya. Idan bambancin ya fi haka girma, launukan sukan watse gaba ɗaya, babu wanda ya sami damar zama kan ɗan'uwansa. Wani lokaci kuma tabon yakan tafi dama ya juyo hagu kamar walƙiya. Hakan yakan faru ne idan lissafin ya kusa daidai ƙwarai, ɗan sassauci ko ɗan matsewar hannunki shi ke juya masa akala. Ranar da kike cikin fushi saƙarki takan fi matsewa, safar kuma ba ta rufa asiri.

Ba aibi ba ne, a ce. Akwai masu neman wannan taruwar da gangan, su yi ta ƙara ido suna ragewa har launin ya tsaya inda suke so. Amma idan ba nema kika yi ba, yakan ɓata rai.

To yaya zan wargaza shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce a taɓa lissafin. Ƙara ido huɗu ko rage huɗu yana canza cin zagaye da kusan santimita 5, wannan kuwa ya isa ya mai da tabo ya koma karkataccen ratsi. Canza kaurin tsinke da kwatan milimita ma yakan yi wannan aikin. Illar ita ce girman safar zai ɗan motsa, don haka kada gyaran launi ya sa ki saƙa safar da ba ta shiga ƙafa.

Idan ba kya son taɓa girman, ki yi aiki da bakin zare biyu. Ki raba dunƙulen gida biyu, ko ki ja ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ki saƙa zagaye ɗaya ko biyu da wannan, ki ajiye ki ɗauki wancan. Ki tabbata ba daga launi ɗaya suka faro ba. Wajen canjin kada ki ja zaren da ƙarfi, in ba haka ba za a sami wata tsika mai tauri a tsaye da za ta riƙa cin ƙafa. Ni dai nakan kai wurin canjin bayan ƙauri, a tafin ƙafa kuma in kai shi gefe.

Hanya ta uku ita ce zaɓen zane mai wargaza launi da kansa, za mu zo gare ta.

Na sami zanen safa mai huji-huji kamar ganye, kyakkyawa a hoto. Zan iya yi da zarena mai launuka biyar?

Za ki iya, amma ba za a ga ganyen ba. Na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Zaren ja ne da ruwan ɗorawa da kore mai duhu, zanen kuma ganyaye ne masu maimaituwa duk bayan zagaye 16. Mako biyu ina ƙirge, ina kwancewa idan na yi kuskure. Da na gama na sa a ƙafa na tsaya gaban madubi, ba ganye ba dalilinsa, sai wani hargitsi kamar ɓera ya ci saƙar. Sai na kai hannu na shafa sannan na ji aikin yana nan. An yi, ba a yi ba.

Dalilin shi ne, zanen huji da zanen murɗe-murɗe mai kama da kitso duk da inuwa suke nuna kansu. Idon mutum yana gane su ne saboda wani wuri ya taso ya kama haske, wani ya lotsa ya yi duhu. Idan zaren da kansa yana tsalle daga haske zuwa duhu duk bayan ido takwas, tsallensa ya fi inuwar ƙarfi, sai ya danne ta. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko zaren ya yi magana zanen ya yi shiru, ko zanen ya yi magana zaren ya yi shiru. Irin wannan ganyen, ki ajiye shi sai kin sami zare mai launi ɗaya ko mai ɗan sauyi kaɗan, mai haske ko matsakaici, domin baƙi da shuɗi mai duhu sosai su ma suna haɗiye zane.

Amma na ga safa mai launuka da yawa kuma zanen ya fito ras. Mene ne sirrin?

Yawan launuka ba shi ne matsalar ba, bambancin haskensu ne. Shuɗi, kore da shunayya za su iya zama a zare ɗaya ba tare da hayaniya ba idan duk zurfinsu ɗaya ne. Fari da baƙi kuwa launi biyu ne kacal, amma sun fi goma surutu.

Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗauki hoton zaren da waya a hasken rana, ki mai da hoton fari da baƙi. Idan zaren ya fito toka-toka kusan iri ɗaya, zai iya ɗaukar zane mai ɗan wahala. Idan ya fito dabbare-dabbare, wani wuri fari fat wani baƙi ƙirin, to ki ba shi zane mai sauƙi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan launi yakan ruɗe shi, ja da kore sukan yi kamar sun yi nisa alhali a hoton kusan ɗaya suke fitowa.

Wane zane ne ya dace da zare mai surutu?

Na farko, saƙa ba zane, idon gaba zalla, wato mai santsi a fuska, daga sama har ƙasa. Mutane suna raina ta, amma zaren da marini ya sha wahala a kansa sau da yawa abin da yake so ke nan. Idan kina tsoron safar ta yi sako-sako, ki yi idon gaba uku na baya ɗaya (idon baya shi ne mai barin ɗan ƙulli a fuska), ta fito da kunyoyi masu kama ƙafa.

Wanda na fi so shi ne zanen tsallake ido, wato ki mai da ido kan ɗaya tsinken ba tare da kin saƙa shi ba. Idon da aka tsallake yana ɗauke da launin zagayen baya, sai ya miƙe ya shigo cikin zagayen yanzu, ya ratsa tsakiyar layin launi ya karya shi. Ko abu mai sauƙi irin "saƙa uku, tsallake ɗaya" a zagaye ɗaya, sannan a saƙa duka a na biyu, yana canza fuskar zare sosai. Ki lura dai, wannan saƙar tana matsewa kuma ba ta miƙewa kamar ta yau da kullum. Idan kin saba da ido 64, mai yiwuwa a nan sai 68 ko 72, ki kuma gwada ta wuce dunduniya tun kina ƙauri.

Sai zanen ƙari da ragi, wanda ake ƙara ido a wani wuri a rage a wani cikin zagaye ɗaya. Layukan launi sukan lanƙwashe su yi hawa da sauka kamar haƙoran zarto ko igiyar ruwa. A nan launin ne yake zana zanen, don haka babu gasa tsakaninsu. Ya fi kyau da zare mai ratsi ko mai launuka masu ɗan tsawo. Shi ma yana rage miƙewa.

Idon baya da aka warwatsa jefi-jefi shi ma yana gauraya launi, domin ƙullinsa yana fito da zaren zagayen ƙasa zuwa fuska. Amma kada a cika shi a tafin ƙafa, gurzar ƙafa yake yi.

Ratsin safata yana tafiya daidai har na iso dunduniya, daga nan komai ya rikice. Laifin wa?

Laifin lissafi ne dai. A dunduniyar da aka fi sani, ana saƙa rabin idanu, wato 32, gaba da baya har a sami ɗan murabba'i. Tun da kowane layi rabin zare yake ci, ratsin yakan ninka faɗi. Bayan an juya dunduniyar, ana tsinto idanu a gefe da gefe, jimlar ta haura 80, sannan a riƙa ragewa duk bayan zagaye biyu har a dawo 64. Wannan ɓangaren mai kama da cuna shi ne inda ratsi ke sirancewa, inda kuma zare mai gajerun launuka yakan yi tabo ko da bai yi a ƙauri ba, domin cin zagaye yana ta canzawa, dole a wani wuri ya faɗa kan lambar da ke tara launi. Ga kuma doron ƙafa, inda za ki ga launi ya yi tsalle saboda an cinye wani yanki na jerin a dunduniya.

Mafita biyu ce. Ko ki yi dunduniyar gajerun layuka, wadda ake juyowa kafin a kai ƙarshen layi kuma ba ta ƙara yawan ido, ki kuma saƙa ta da wani zaren dabam domin jerin launin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ko ki yi dunduniyar da ake komowa daga baya: inda za ta zauna ki saƙa rabin idanu da guntun zare na wucin gadi, ki ci gaba da saƙa kamar bututu har yatsu, daga baya ki zare guntun ki tsinci idanun sama da ƙasa ki saƙa kamar kan yatsu. Da zare mai ratsi, wannan takan fito da zobe cikin zobe, gwanin kyau.

Sai dai waɗannan biyun ba su kai ta farkon nan da aka fi sani yalwa ba. Mai tudun doron ƙafa takan ji sun matse ta. Idan haka ƙafarki take, ki saƙa dunduniyar a kan idanu fiye da rabi, ko kawai ki koma ta farkon ki haƙura da ɗan rikicin launi. Takalmi ma zai rufe shi.

Ina so ƙafa biyun su fito iri ɗaya sak. Zai yiwu?

Da zare mai ratsi, zai yiwu. Ki faro ta farko daidai inda wani launi ya karɓi wani, ki rubuta wane ne, ki kuma auna tsawon jelar da kika bari wajen ɗora idanu. Da kika zo ta biyu, ki warware zare har ki iso wannan mahaɗar. Za ki yi asarar 'yan mitoci, ki ajiye su don gyaran huji. Abu biyu ke ɓata shiri: wani lokaci dunƙule biyu masu giram 50 akan naɗe su ta fuska dabam, jerin launin ɗaya ya zo a juye, sai an sake naɗe shi. Wani lokaci kuma a tarar da ƙulli a tsakiyar zare inda aka haɗa shi ba tare da kula da jeri ba, sai an yanke an nemo inda ya dace.

Da zaren da aka rina da hannu mai gajerun launuka kuwa, ki cire rai. Za su yi kama kamar wa da ƙani, ba kamar tagwaye ba.

Zan iya haɗa shi da zare mai launi ɗaya?

Sosai, kuma sau da yawa shi ne ke ceton zaren da ya gagara. Wuyan safa, dunduniya da kan yatsu a launi ɗaya suna yi wa hayaniyar iyaka, giram 20 kuma yakan isa ƙafa biyu idan ba a yi wuyan da tsawo ba. Za ki iya yin ratsi ma, zagaye biyu na wannan biyu na wancan.

Sharaɗi ɗaya ne idan zane za ki yi da zare biyu a zagaye ɗaya: launin zaren na biyu kada ya kasance cikin launukan na farko, kuma kada zurfinsu ya zo ɗaya. Idan mai launukan yana da fari a ciki kika haɗa shi da fari, duk inda farin ya iso zanen zai ɓace na wasu idanu, kamar an goge. Ki jera su ki ɗauki hoton nan na fari da baƙi. Kuma su zama kauri ɗaya, masu jure wanki iri ɗaya.

Wane irin zare ne ma ya dace da safa, ban da maganar launi?

Wanda aka fi amfani da shi ulu ne kashi 75 da nailan kashi 25, siriri, giram 100 yana ba da mita 400 zuwa 420. Nailan ɗin ne ke jure gogayya a dunduniya da ƙarƙashin yatsu. Ki duba tufkarsa: sili uku ko huɗu da aka murɗe da kyau sun fi sili ɗaya mai laushi daɗewa nesa ba kusa ba. Zaren sili ɗaya yana shan rini da kyau, yana da ɗaukar ido, amma mayafi ya dace da shi. Idan kin ga an rubuta superwash a takardar, an sarrafa ulun ne yadda ba zai cukuikuye ya tsuke a wanki ba, kuma irinsa ya fi fito da launi tar. Wadda ulu ke damunta da zafi ko ƙaiƙayi za ta iya neman na auduga da aka haɗa da zare mai miƙewa, domin auduga zalla ba ta komawa bayan ta miƙe, safar sai ta zube kan idon sawu.

Ki saƙa da matsi, ido 30 zuwa 32 a santimita 10. Safar kuma ta gaza kewayen ƙafa da kamar kashi 10 cikin ɗari: ƙafa mai santimita 22 tana son safa mai 20, wanda ya kawo mu ido 64 ɗin nan da muke ta ambata.

Giram 100 zai ishe ni?

Ga babban mutum da safa mai kai wa tsakiyar ƙauri, yawanci har da saura. Idan ƙafar babba ce ko kina son ki cinye zaren duka, ki raba shi gida biyu a kan sikeli, ki faro daga yatsu ki hau sama har ya ƙare. Ki rufe idanun ƙarshe da sassauci, in ba haka ba ƙafa ba za ta shiga ba.

Dole ne in saƙa ɗan gwaji tukuna?

Idan za ki yi, ki yi shi a zagaye kuma da yawan idon safar. Ɗan gwaji mai ido 30 da aka saƙa gaba da baya ba zai gaya miki komai game da launi ba, tun da cin layinsa dabam ne. Shi ya sa ni safar kanta nake mayarwa gwaji. Wuyan ba ya nuna gaskiya, sai an wuce shi da santimita 5 ko 6 halin zaren yake bayyana.

Launin zai zuba a wanki?

Wani yakan zuba, musamman ja, shuɗi mai kaifi da launuka masu duhu sosai. Idan za ki haɗa da fari, ki jiƙa guntun kowanne tare a ruwa mai ɗan ɗumi, ki matse cikin farin ƙyalle ki gani. Ɗan launi a ruwan wankin farko ragowar rini ne da bai fita ba, ba abin tsoro ba ne. Idan ya ƙi tsayawa bayan ɗauraya uku ko huɗu, rinin bai kama ba. Zuba ruwan tsami cikin ruwan sanyi ba ya gyara wannan, domin rinin ulu yana bukatar tsami da zafi tare kafin ya kama. Wanki dai a yi da ruwan sanyi, a juya cikin safar waje, a shanya a inuwa.

Wannan son safa mai launuka sabon yayi ne?

A'a. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai safar yaro mai ratsi-ratsi da aka tono a Masar, ta wajen ƙarni na 3 zuwa na 4 miladiyya, da rabuwa tsakanin babban yatsa da sauran don a sa ta da takalmi mai igiya. Daga rinin tsirrai uku, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, aka fitar da launukanta. Da allura ɗaya aka yi ta, ba da tsinken saƙa ba. Safa mafi daɗewa da aka sani ta saƙar tsinke irin tamu ita ma daga Masar take, daga wajen ƙarni na 11 zuwa gaba, ta auduga, fari da shuɗi.

Na kai rabin ƙauri kuma ba na son yadda ta fito. In kwance ko in daure?

Kafin ki yanke shawara, ki sa ta a ƙafa ki tsaya ki kalle ta a madubi daga nesa. Saƙa a kan cinya, tazarar taƙi ɗaya daga fuska, ba ita ce saƙa a ƙafa ba. Da ta miƙe, tabo da yawa sukan lafa. Idan har yanzu ranki bai kwanta ba, ki kwance yanzu, domin wadda ba ta son ta farko da wuya ta ɗora idanun ta biyu.

Zaren da aka kwance yakan yi lanƙwashe-lanƙwashe, musamman idan saƙar ta kwana biyu, kuma idan aka sake saƙa shi haka idanun ba sa fitowa daidai. Ki naɗe shi zobe a bayan kujera, ki ɗaure wuri uku da sassauci, ki jiƙa shi minti 20 a ruwan sanyi, ki matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki rataye ba tare da ɗora masa nauyi ba. Idan ya bushe, ki sake faro da ido huɗu sama ko ƙasa da na farko, ko ki gwada tsallake ido ɗaya cikin huɗu, ki ba shi santimita 6 ki ga abin da zai yi.